Hasken Minti Biyar da Amanar Mai Bincike

Tun da mujallar Nature ta janye wani rahoton bincike kan cutar Alzaima a watan Yunin 2024, saƙo iri ɗaya ke yawo a wayoyin mutanenmu, kowa da irin gishirin da yake ƙara masa. Ni ƙanena ne ya fara turo min, sannan ya biyo da kira. "Yaya, ka gani? Ashe duk binciken da Turawa suka daɗe suna yi kan gigin tsufa ƙarya ne. Hotuna kawai suke haɗawa a kwamfuta." Ban yi masa gardama nan take ba, don na san abin da ke cin ransa. Surukarsa ta kai shekara uku ba ta gane jikokinta, kuma duk gidan da ke jinyar irin wannan ciwo ba ya rasa jin haushin masu ilimin da har yau ba su kawo waraka ba. Sai dai saƙon ya cakuɗa gaskiya da ƙari, ya kuma tsallake ainihin wurin da ɓarnar ta auku, wanda shi ne ya fi shafar mu.

Ga abin da ya faru. A watan Maris na 2006, Sylvain Lesné da shugabarsa Karen Ashe na Jami'ar Minesota a Amurka, tare da abokan aikinsu, suka wallafa cewa sun gano wani dunƙulen furotin amiloyid a ƙwaƙwalwar ɓeraye, suka raɗa masa suna Aβ*56, suka ce shi ke lalata tunani. Rahoton ya yi tashe, an ambace shi a wasu rubuce-rubuce sama da sau 2,000. Shekaru bayan haka wani likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Vanderbilt, Matthew Schrag, ya zauna ya ƙura wa hotunan ido, ya ga alamun an yanko wasu layuka an manna, an kwafi wasu an maimaita. Ɗan jarida Charles Piller ya fasa ƙwan a mujallar Science a watan Yulin 2022. Karen Ashe ta amsa cewa an taɓa hotunan, ko da yake ta tsaya a kan cewa sakamakon binciken yana nan daram. Lesné kuwa bai yarda da janyewar ba.

Wannan abin kunya ne, babu mai kare shi. Amma ilimin cutar Alzaima bai rataya a kan takarda ɗaya ba. Tun 1991 aka gano iyalan da ke gadon cutar saboda tangarɗa a ƙwayar gadon da ke samar da furotin amiloyid, kuma a 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da lecanemab, maganin da ke rage amiloyid yana ɗan jinkirta ciwon, ko da ba ya warkarwa. Wannan ɓangare na bar wa likitoci. Abin da ya dame ni shi ne, cikin duk masu yaɗa labarin, da wuya ka sami wanda zai iya gaya maka mene ne waɗannan baƙaƙen layukan da ake rigima a kansu, da yadda suke fitowa. In ba ka san yadda ake ɗaukar hoton gaskiya ba, ta ina za ka gane na jabu?

Sunan gwajin Westan bulot. A taƙaice, mai bincike yana son sanin ko wani furotin guda yana cikin naman da ya ɗebo, kuma yawansa nawa, alhali furotin dubbai ne a cakuɗe a ciki. Sai ya narkar da naman, ya dafa shi da wani sinadarin sabulu mai suna SDS, ya ɗiga a ramukan wani jel, ya kunna wuta. Ƙananan furotin su yi gaba da sauri, manya su maƙale a baya, kamar dai tankaɗe. Wannan tsarin Ulrich Laemmli ne na 1970. Daga nan a kwashe su daga jel zuwa kan wani farin falle, a zuba antibodi na farko wanda bai san kowa ba sai furotin da ake nema, a bi shi da na biyu mai goye da enzayim, a zuba ruwan da zai sa wurin ya yi haske, a ɗauki hoto. Inda haske ya fito, nan baƙin layi ke bayyana a hoton. Kowane littafin ɗalibai ya kawo wannan, ba sai na tsawaita ba.

Abin da littattafan suke tsallakewa shi ne tarihin, kuma ni a ganina rashin sanin tarihin nan yana daga cikin abin da ke sa yaranmu su ɗauki gwajin kamar wani tsafi da ke fitowa daga kwali. A 1975 Edwin Southern a Edinbara ya ƙirƙiro hanyar kwashe DNA daga jel zuwa falle, aka sa wa hanyar sunansa, wanda a harshensu yake nufin "na kudu". Da su George Stark a Jami'ar Stanford suka yi irin haka da RNA a 1977, sai aka kira tasu "ta arewa". A 1979 Harry Towbin da Theophil Staehelin da Julian Gordon a birnin Basel na Suwizalan suka nuna yadda za a ja furotin da wutar lantarki zuwa kan fallen naitiroselulos, kuma har gobe ruwan da ake yin wannan aiki da shi sunan Towbin yake amsawa. Neal Burnette, wanda ke aiki a cibiyar Fred Hutchinson ta birnin Siyatil a gaɓar yammacin Amurka, shi ya laƙaba wa gwajin "na yamma", wato Westan. Da farko an ƙi karɓar takardarsa. Kwafinta ya yi ta yawo hannu da hannu tsakanin masu bincike har mujallar Analytical Biochemistry ta buga ta a 1981, ta zama ɗaya daga cikin takardun da aka fi ambata a fannin.

A zamanin Burnette babu wannan hasken. Da aidin-125 ake gano furotin, sinadari mai fitar da tururin nukiliya, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan kwana 60 ko kusa da haka. Sai da izini na musamman, da wurin ajiya, da hanyar zubar da shara, sannan a jira fim ya kwana ko ya yi kwanaki kafin a ga sakamako. Da abin ya tsaya a haka, da ɗakunan gwaji irin namu na Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai ba su ko yi mafarkin taɓa shi ba.

Abin da ya sauya lamarin ya fito ne daga wata kusurwa dabam. Akwai wani sinadari, luminol, wanda Bajamushe H. O. Albrecht ya bayyana a 1928 cewa yana fitar da shuɗin haske idan ya haɗu da ruwan haidirojin feroksaid da abin da zai zuga shi. A 1937 Walter Specht na birnin Jena ya nuna cewa ƙarfen da ke cikin jini na iya zama wannan mai zugawa, shi ya sa har yau 'yan sandan ƙasashen waje ke fesa luminol a ɗakin da ake zargin an yi kisa, su kashe fitila, jinin da aka wanke ya tona kansa. A ɗakin gwaji, maimakon jini, wani enzayim ake amfani da shi da ake cirowa daga saiwar wani tsiron Turai mai yaji, ana taƙaita sunansa da HRP. Kada wani ya rikice: Turawan Ingila suna yi wa zogalenmu laƙabi da sunan wannan tsiro don saiwarsa tana da yaji irin nasa, amma ba daga zogale ake samun enzayim ɗin ba. Matsalar luminol ita ce haskensa ɗan ƙyas ne, ya mutu. Sai a 1983 Thomas Whitehead da Gary Thorpe da Larry Kricka da abokan aikinsu a Birmingham suka wallafa cewa idan aka ƙara sinadarin da maƙesu ke walƙiya da shi da daddare, hasken yana ninkuwa ya kuma daɗe. Daga baya aka sami wasu sinadarai masu arha da suka fi shi, kamfanin Amersham ya zuba su a kwalabe biyu ya sayar wa duniya da sunan ECL. Ƙwaron daji da saiwar lambu da dabarar 'yan sanda, su suka raba masu bincike da guba. A tsakanin haka, a 1984, wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa garin madara marar mai yana toshe fallen kamar yadda sinadarai masu tsada suke yi. Duk wanda ya san wannan tarihi ya san cewa gwajin aikin hannu ne da lura, kowane mataki akwai dalilinsa.

Mutanenmu ma sun taɓa cin moriyarsa ba tare da sun san sunansa ba. Shekaru da dama shi ne gwajin tabbatar da ƙwayar HIV bayan gwajin farko, tun da Amurka ta ba shi lasisi a 1987, har hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta cire shi daga tsarin da take ba da shawara a 2014, bayan an sami hanyoyin da suka fi sauri. Don haka mai cewa gwajin kansa yaudara ne bai yi adalci ba.

Ni a hannun wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji na koya, a wata jami'a ta Arewa. Baba muke ce masa duka, har da malamai. Ba shi da digiri na uku, sunansa bai taɓa hawa kan wata takarda ba, amma babu farfesan da ya kai shi sanin falle. Abu na farko da yake yi, ya sa safar hannu, ya ɗauki falle da matsefata, ya datse kusurwa ɗaya da almakashi don kada a manta ina ne sama ina ne dama, ya rubuta kwanan wata da fensir a gefe, don biro narkewa yake a cikin ruwan aiki. In fallen PVDF ne, sai ya tsoma shi a metanol na 'yan daƙiƙu har ya sauya daga fari fat zuwa garai-garai, don in ba haka ba ruwa ba zai shige shi ba, furotin kuma ba zai kama ba. Naitiroselulos kuwa ba ya son wannan, ruwan aiki kawai ya ishe shi. Sannan ya jera soso, takarda, jel, falle, takarda, soso, ya ɗauki guntun bututu ya mirgina a kai a hankali kamar mai murza taliya. "Yaro," yakan ce, "kumfa ɗaya ta isa ta cinye maka aikin mako." Gaskiyarsa. Duk inda kumfa ta zauna wuta ba ta ratsawa, sai ka ga farin da'ira a tsakiyar layinka. Kuma falle kullum yana ɓangaren jan waya, domin furotin da ya sha SDS can yake nufa. Wanda ya juya jerin, furotin nasa ya tafi cikin ruwa, ba ya dawowa.

Bayan an gama, Baba ba ya yarda a wuce sai an rina fallen da jan rinin Ponceau. Cikin minti biyu ko uku layuka ja za su fito reras, ka ga ko furotin ya kwasu, ko ramukan sun sami rabo daidai, ko kumfa ta yi ɓarna. A ɗauki hotonsa, a wanke rinin ya fita. Ɗalibai da yawa suna ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni kuwa ina ganin shi ne shaidar farko da mai gaskiya yake ajiyewa.

Daga nan sai toshewa. Falle kamar sabon ƙyalle yake, duk abin da ya taɓa shi sai ya kama, har da antibodi. Don haka ake jiƙa shi awa ɗaya a ruwan madara, giram 5 cikin mililita 100 na ruwan gishiri mai ɗan sabulun Tween, don madarar ta cike duk wani gurbi da ya rage. A nan ma akwai tarko. Yawancin garin madarar da ke kasuwanninmu mai maiƙo ne, wani ma an haɗa shi da man itatuwa da sukari, ba shi ake nufi ba. Kuma in furotin da kake nema mai ɗauke da fosfet ne, madara na iya ɓata maka hoto, don furotin kasin da ke cikinta shi ma yana da fosfet, sai a koma ga wani furotin mai suna BSA. Antibodi na farko ya kwana da falle a sanyin digiri 4, ana jijjiga shi a hankali. Da safe a wanke sau uku, kowanne minti 5 zuwa 10. Na biyu ya yi awa ɗaya, a sake wankewa, wannan karon da ƙarin haƙuri, domin duk ɗigon da ya rage sai ya haskaka. Sannan a kiyaye sodiyam azaid, sinadarin da ake sa wa don kada ruwa ya lalace: yana kashe HRP murus. Na ga ɗalibin da ya maimaita aiki sau huɗu yana samun farin fim, ashe abin yana cikin kwalbar da yake tsarma antibodi na biyu. A duk tsawon wannan hidima, falle ba zai bushe ba ko na minti ɗaya. Inda ya bushe, nan baƙin dabbare zai fito.

Yanzu mun iso wurin da nake so mai karatu ya tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin a haɗa ruwan haske, kyamara ta riga ta kunnu ta yi sanyi, ko ɗakin duhu ya kimtsu da jar fitilarsa da ruwan wankin fim. A haɗa kwalabe biyun daidai wa daida, kimanin mililita ɗaya ga kowane santimita murabba'i goma na falle, a zuba a fuskar da furotin yake, a bari minti 1 zuwa 5 gwargwadon umarnin kamfani. A ɗaga da matsefata, a taɓa gefensa a kan takarda ya tsane, a shimfiɗa tsakanin leda biyu, a kore kumfa. Daga wannan lokaci agogo ya fara gudu. Hasken da idonka ba ya ko gani yana kan ganiyarsa a mintocin farko, daga nan ya yi ta dusashewa, domin enzayim yana cinye luminol ɗin ne, shi ma yana gajiya. Wato abin da ake ɗauka hoton wani abu ne mai mutuwa, ba zane ba ne da zai zauna ya jira ka. Shi ya sa ba a ɗaukar hoto ɗaya. A ɗauki na daƙiƙa 10, na 30, na minti ɗaya, na minti biyar, a ajiye su duka. A kuma ɗauki ɗaya da farin haske, don layukan ma'aunin nauyi masu launi ba sa walƙiya, kuma in babu su ba ka da hujjar cewa layinka yana inda ya kamata.

Wanne za a zaɓa cikin hotunan? Nan gizo ke saƙar. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san mudu in ya cika ya yi tozo, ko buhu ka juye masa ba zai ƙara ɗauka ba, sai zuba. Haka fim yake, haka idon kyamara yake. Layin da ya yi baƙi ƙirin ya cika ya batse, ba ka iya sanin ko mudu ɗaya aka zuba ko goma. Layuka biyu za su yi kama da juna alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau uku. Fim ɗin eksire mudunsa ƙarami ne ƙwarai, saurin cika gare shi. Kyamarar zamani ta fi shi zurfi, tana rarrabe matakan haske 65,536, kuma tana shafa wa wurin da ya cika jan launi don ta gargaɗe ka. Amma da zarar ka mayar da hoton JPEG, matakan sun koma 256, in kuma ka tura wa malaminka ta WhatsApp an ƙara matse shi. Awo a kan irin wannan hoto aikin banza ne, kuma na sha ganin ana yi. Wani lokaci ma yawan enzayim kan cinye luminol tun kafin a ɗauki hoto, sai layi ya fito fari da baƙin kewaye, wanda ake kira layin fatalwa, ko fallen ya yi tabo ruwan ƙasa. Maganinsa ba a kwamfuta yake ba. A rage furotin, a ƙara tsarma antibodi na biyu, daga kashi ɗaya cikin 5,000 zuwa ɗaya cikin 20,000 ko fiye, a sake.

Kalmar "a sake" ita ce mutane ba sa so. Sakewa na nufin kwana biyu ko uku, da antibodi mai tsadar gaske, da yiwuwar layin da kake fata ba zai fito ba. Kwamfuta kuwa a minti biyu za ta goge dabbare, ta ƙara wa layi baƙi, ta ɗauko layukan furotin aktin na gwajin bara ta manna a ƙarƙashin na bana don a nuna wai an zuba furotin daidai. Mujallar Journal of Cell Biology ta hango wannan tun 2002, ta fara binciken hoton duk takardar da ta karɓa. A 2004 Mike Rossner da Kenneth Yamada suka shimfiɗa ƙa'idar da kowa ke bi yau: kana iya ƙara haske ko rage shi a kan hoton gaba ɗaya muddin ba ka ɓatar da komai ba, amma ba ka taɓa wani sashe shi kaɗai, ba ka gogewa, ba ka matsarwa, ba ka ƙarawa, in kuma ka haɗa ramukan da ba maƙwabta ba ne sai ka ja layi ka faɗa. A 2016 Elisabeth Bik, 'yar ƙasar Holan, da abokan aikinta suka duba takardu 20,621 daga mujallu 40, suka sami hotunan da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba a kashi 3.8 cikin ɗari. A lura da wannan adadi: yana da yawa, amma ba shi ne "duka" ɗin da saƙon waya ke faɗa ba. A watan Yulin 2023 shugaban Jami'ar Stanford, Marc Tessier-Lavigne, ya sanar da ajiye muƙaminsa bayan rahotannin wani ɗalibi ɗan jarida, Theo Baker. Kwamitin bincike bai same shi da taɓa hoto da hannunsa ba, amma ya ce an taɓa a ɗakunan gwajinsa, shi kuma bai tashi tsaye ya gyara ba. Yadda ake kama su ba wani sihiri ba ne. Bayan kowane layi akwai 'yan ɗige-ɗige da ƙura da karce, waɗanda ba sa taɓa maimaituwa a falle biyu, kamar zanen yatsa. In ka ga ƙura iri ɗaya a wuri biyu, an kwafa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ya ɗauki shekara 16 kamar hotunan rahoton 2006.

To mu fa? Kada mu zauna muna tafa wa faɗuwar wasu. Wata ɗaliba ta taɓa zuwa ofishina da hoto mai layi uku inda ake sa ran ɗaya, idonta ya yi ja. "Malam, an ce in share na sama da na ƙasa, wai datti ne, kuma lokacin kare digiri ya matso." Wanda ya ba ta shawarar ya girme ni a aiki, kuma na tabbata a ransa taimakonta yake yi. Na ce ta yanki wani falle ta bi duk matakai amma ta tsallake antibodi na farko. Layuka biyun suka sake fitowa, na tsakiya bai fito ba. Ashe antibodi na biyu ne ke kama abin da ba nasa ba. Ta ƙara tsarma shi, ta tsawaita wanki, hoto ya fito tas. Mako biyu abin ya ci mata, ciki har da daren da aka ɗauke wuta ta kwana tana sauya ƙanƙara a kula don kada antibodi ya lalace. Da ta goge, da hoton ƙarshe zai yi kama da wannan, amma da ta fita jami'a da darasin cewa abin da bai yi maka daɗi ba gogewa ake yi. Irin wannan ɗaliba gobe ita za ta riƙe ɗakin gwajin asibiti.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin ƙarin girma a jami'o'inmu ƙirga takardu yake yi, ba ya buɗe su. Malami na bukatar adadi, ɗalibi na bukatar fita, babu mai tambayar ina asalin hoton. Ana kashe maƙudan kuɗi a sayo na'ura a kulle ta a ɗaki, alhali firjin da ke riƙe da antibodi ba shi da batir ko farantin sola. Ma'aikatan ɗakin gwaji irin su Baba suna ritaya ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗaukar magadansu, ba a tura waɗanda suka rage horo, ba a sa sunansu a takardar da hannunsu ya yi rabin aikinta. Wannan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Mutumin da ya san dalilin kowane wanki shi ne katangar farko tsakanin ɗalibi da maguɗi, kuma shi muka fi wulaƙantawa.

Abin da nake nema bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ta ofis ba. TETFund, da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, da makarantun karatun gaba da digiri, su wajabta cewa duk kundin da ke ɗauke da Westan bulot ya zo da cikakken falle ba yankakke ba, da hoton Ponceau, da ma'aunin nauyi a gefe, da duk hotunan da aka ɗauka tare da tsawon daƙiƙunsu, da asalin fayil ɗin kyamara a ajiye a sashen, ba a wayar ɗalibi ba. Manyan mujallu da dama sun riga sun wajabta cikakken falle, wanda bai saba ba tun a gida zai sha kunya a waje. Jami'ar da ba ta da kyamara ta haɗa kai da maƙwabciyarta, a sayi ɗaya mai kyau, a damƙa ta a hannun ma'aikacin da aka horar, da littafin rajista a gefenta. Mai amfani da fim kuma ya manna kowane fim a littafinsa, har waɗanda suka lalace, da kwanan wata.

Ku kuma malaman da ake gayyata daga wata jami'a don jarraba ɗalibai, zangon kare digiri yana tafe. Idan aka haska muku 'yan layuka huɗu a cikin ƙaramin akwati, tsaf kamar an zana da rula, ku tambayi ina sauran fallen, daƙiƙa nawa aka ɗauka, sau nawa aka maimaita. In an ce yana ofis, ku ajiye biro ku jira a je a ɗauko.